Giwa Mai Fukafukai: Abin Da Ya Sami Matuƙan Jirgin Sama Na Nijeriya

A hutun da ya wuce na ga wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin gadon kakata, koriya da fari, da hoton giwa mai fukafukai a jikinta. Na tambaye ta, ta ce ai da ita ta sauka a Kano sa'ad da ta komo daga Makka. Ta ce abin da ba ta mantawa shi ne da ta ji an ce ɗan ƙasa ne baƙar fata yake tuƙa jirgin. Ni kuwa tun ina aji ɗaya ba ni da wani buri sai in zama matuƙin jirgin sama, har 'yan ɗakinmu suna kirana Kyaftin. Saboda haka na bi labarin giwan nan, kuma ga abin da na samo domin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Giwar alama ce ta kamfanin jiragen sama na gwamnatin tarayya. An kafa shi a 1958, aka raɗa masa suna Nigeria Airways a 1971. A farkon shekarun 1980 yana da jirage wajen talatin, yana zuwa Landan da New York da Jidda, ban da Ikko da Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri. Da yawa daga cikin matuƙansa a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya suka yi karatu, wadda aka buɗe a 1964.

To, me ya kayar da giwa? Dalili na farko lissafi ne mai sauƙi, ko ɗan aji biyu ya iya shi. Fasinja yana sayen tikiti da Naira, amma jirgin kansa, da kayan gyaransa, da inshora, da kuɗin sauka a filayen Turai, duk da Dala ake biya. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja. A 1986 aka karya darajar Naira, kafin 2003 kuwa Dala ɗaya ta haura Naira 100. Watau abin da yake shigowa yana ƙanƙancewa, abin da yake fita yana kumbura.

Amma kada mu ɗora wa Dala laifi duka. Ƙasar Habasha ba ta fi mu arziki ba, ga shi kamfaninta da aka kafa a 1945 ya zama babba a Afirka. Namu an cika shi da ma'aikata fiye da kima, ana ta canza shugabanni, ga almubazzaranci da dukiyar jama'a, domin kowa yana ganin kayan gwamnati ba na kowa ba ne. An ma taɓa ɗauko Turawan kamfanin KLM na ƙasar Holan suka riƙe shi daga 1979 zuwa 1981. Bashi ya yi ta hawa, jirage suka yi ta lalacewa babu kuɗin gyara, har waɗanda suke iya tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A 2003, zamanin mulkin Obasanjo, kamfanin ya daina aiki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne halin matuƙa, domin da ina tsammani mutum in ya iya tuƙi ya iya ke nan, kamar hawan keke. Ashe ba haka ba ne. Lasisin matuƙi abu ne mai mutuwa. Dole likita ya duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa kowace shekara, wanda ya manyanta ma duk wata shida. Dole a riƙa shigar da shi wata na'ura mai kama da ɗakin tuƙi ana jarraba shi, a kashe masa inji a ga yadda zai yi. Kuma ba a yarda ya ɗauki fasinja ba sai ya tashi ya sauka sau uku a cikin kwana 90 da suka wuce. Duk wannan kamfani ne yake biya. Ran da kamfani ya talauce, jirgi yana kwance a rumfa, matuƙi yana zaune a gida, takardunsa suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali ba shi da kuɗin sabunta su. Malamin makaranta ko ya yi shekara biyu ba aiki, ran da ya sami allo da alli sai ya ci gaba. Matuƙi ba ya da wannan gata.

Sa'an nan kowane irin jirgi da takardarsa. Wanda ya ƙware a DC-10 ba zai wayi gari ya hau Airbus ba, sai ya koma karatu, karatun kuwa na miliyoyi ne. In ya yi sa'a ya sami wani kamfani, sau da yawa can ƙasa za a sa sunansa, domin a wannan sana'a ranar da ka shiga kamfani ita ake dubawa wajen girma. Sai ka ga dattijo mai furfura yana bayan yaron da ya haifa. Ga shekaru kuma ba sa jira, domin a dokar duniya matuƙi ba ya wuce shekara 65 yana jigilar fasinja tsakanin ƙasashe.

Wasu sun tsira. Akwai waɗanda suka koma kamfanonin 'yan kasuwa, wasu suka tafi ƙasashen waje, wasu tsofaffin matuƙan ma tun da wuri suka haɗa kai suka kafa nasu kamfanin mai suna ADC. Amma ga dubban ma'aikata, matuƙa da injiniyoyi da masu hidimar fasinja, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama da fansho, ana ba su gutsi-gutsi. Sai a 2018 gwamnatin Buhari ta amince a fitar da Naira biliyan 22.6, kimanin rabin abin da suke bi. Shekara 15 ke nan bayan rufe kamfanin, kuma da yawa sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar. Allah ya jiƙansu.

Da na karanta wa mahaifina wannan, sai ya yi murmushi ya ce, “To, Kyaftin, yanzu ka yarda ka yi likita?” Na ce, “Baba, tukuna.” Mun dai shirya a kan zan dage da lissafi da kimiyya, in fara karatun injiniya, kafin in nemi Zariya. Jakar kuwa Hajiya ta ba ni, a ciki nake ajiye littattafaina yanzu.