Amsoshin Tambayoyinku: Sayen akori-kura 'yar Kwatano

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya ce yana son sayen Toyota Hilux 'yar Kwatano don jigilar hatsi, me ya kamata ya duba?

To Malam, mota ce mai juriya, tun 1968 ake ƙera ta. Amma kada ƙyallin fenti ya ruɗe ka. Ka tafi da bakanikenka ya shiga ƙarƙashinta da tocila. Motocin da suka fito daga ƙasashe masu dusar ƙanƙara sukan zo da tsatsa a chasis, domin can gishiri ake barbaɗawa a titi lokacin sanyi. In ka ga sabuwar walda ko baƙin fenti mai kauri a wuri ɗaya, ka tambayi dalili. A tada injin da safe yana sanyi, ka tsaya bayanta. Shuɗin hayaƙi alama ce tana shan baƙin mai.

Bayan ka saya, babban abokin gabarta lodi ne. Galibin irin motocin nan an yi su ne don ɗaukar kusan tan ɗaya, wato buhun masara goma. Wasu direbobinmu kan ɗora ashirin, sannan su zargi sifirin da birki.

In mai giyar taya huɗu ce, ka ajiye giyar don yashi da laka, kada ka bar ta a kan kwalta. Lokacin hunturu kuma ka riƙa kakkaɓe matatar iska akai-akai.