Da Me Ake Haɗa Kayan Jaruman Fim?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko yana tambaya: wai da ƙarfe ake ƙera sulken Iron Man da matasa ke sawa a bukukuwan Amurka da Japan?

To malam, mun gode ƙwarai. Wannan al'ada ta yin shigar jarumai, wadda ake kira cosplay, ta daɗe. Tun 1939 aka gan ta a taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya a birnin Niyok, kuma tun 2003 ake yin taronta na duniya a Nagoya ta Japan.

Shi sulken kuwa, galibi ba ƙarfe ba ne, wani soso ne mai tauri, EVA, irin na silifas. Mai haɗawa zai zana sassan a takarda daidai da jikinsa, ya ɗora kan soson, ya yanka da wuƙa mai kaifi. Sai ya hura masa zafi da na'ura har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi ya bi ƙirji ko kafaɗa. Da ya huce, haka zai tsaya. Daga nan a manna da gam, a goge gefuna, a shafa abin da zai toshe ƙofofin soson, sannan a fesa fenti ja da ruwan zinare. Rigar Spider-Man kuwa, da yadi mai talewa ake ɗinka ta.

Idan za ka gwada, malam, ka yi aikin gam da fenti a fili, domin shaƙar tururinsu yana cutar da huhu.