Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Gayya a Unguwa

Wani mai sauraronmu daga Kaduna yana tambaya: shin aikin gayyar da masallaci da coci ke shiryawa yana haɗa kan maƙwabta kuwa?

To Malam, amsar tana garinku. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance abokan gaba a rikicin Musulmi da Kirista da aka yi a Kaduna a 1992. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa. Daga 1995 suka soma aiki tare, har suka kafa cibiyar sasanta Musulmi da Kirista. Sai dai yarda ta ɗauki shekaru kafin ta zauna.

Idan kuna son gwada aikin gayya a unguwarku, ku soma da yashe magudanar ruwa kafin damina, liman da fasto kowa da shebur a hannu. Kuɗin da aka tara kuwa, a karanta lissafinsu a bainar jama'a.