Shawara Ga Mai Shirin Sakin Albam Ɗinsa Na Farko Daga Ƙasar Haɗeja

Wani matashi ɗan Kafin Hausa, ɗalibi a Jami'ar Sule Lamiɗo, ya aiko da tambaya. Yana da waƙoƙin gambarar zamani goma sha shida, ya ɗauki wasu a situdiyo a Haɗeja, wasu kuma sai da ya je Kano. Yana son ya haɗa su albam guda ya saki. Abu biyu ke hana shi barci: kada ya saki a yi shiru kamar ba a yi ba, kada kuma a yi masa ca da zagi.

Ƙanena, cikin biyun nan shirun ya fi cancanta ka ji tsoro. A Legas mawaƙi na sakin albam, kafin mako ya zagayo marubuta sun zauna sun bi shi waƙa bayan waƙa, sun faɗi inda ya yi ƙarfi da inda ya yi sanyi. Mu a nan wannan al'adar ba ta kafu ba tukuna. Jaridu da mujallunmu na Hausa, irin su Aminiya da mujallar Fim, hankalinsu ya fi karkata ga finafinai da mawaƙan nanaye. Masu yanke maka hukunci na gaskiya su ne mai shagon cajin waya da ke tura wa mutane waƙa a memori, da ɗan acaɓan da zai kunna ta ko ya tsallake, da dijen biki, da mai gabatar da shiri a rediyo, da 'yan matan da za su hau sautinka a TikTok ko su ƙi. Akwai kuma mutanen gidanku, waɗanda hukuncinsu ya fi na kowa nauyi. Duk waɗannan ba rubutu za su yi maka ba. Saboda haka aikinka ne ka je ka nemo sukarsu tun waƙoƙin suna hannunka, lokacin da gyara ke da amfani.

Fara da ragewa. Goma sha shida ta yi yawa ga wanda ba a san shi ba. Albam ɗin Nas na farko, Illmatic, da ya fito a Amurka a 1994, waƙa goma ne kacal, tsawonsa bai cika minti 40 ba, kuma har yau ana sa shi a sahun gaba idan ana lissafin albam ɗin rap. Mai sauraronka da kuɗinsa yake sayen data, kuma wayarsa ba ta da wuri. Ka zaɓi takwas ko tara waɗanda kai kanka ba ka tsallake su idan kana saurare kai kaɗai. Sauran ba asara ba ne, ka ajiye su, za ka riƙa fitar da su ɗai-ɗai daga baya. A manhajoji irin su Spotify, waƙa bakwai ma ta isa a kira aikinka albam.

Idan ka rage, sai ka tara masu saurare. Kada ka fara da abokan majalisarku, domin su ƙaunarka za su saurara, kowace waƙa za su ce maka wuta ce. Ka nemi malamin Hausa a jami'arku, ko wani tsohon malamin sakandare da ya san waƙa, ka kai masa baitocin a rubuce. Shi zai nuna maka inda ka karya jimla don kawai ƙafiya ta faɗa daidai, da inda ka cusa kalmar Turanci alhali ta Hausa tana nan kuma ta fi ta daɗi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun daɗe da shimfiɗa yadda ake nazarin waƙar baka ta fuskar jigo da salo da zubi, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kan rap ɗin Hausa kansa. Malaminka ya san waɗannan ma'aunai, kuma zai ji daɗin an kawo masa sabon abu ya auna. Daga nan ka je wurin mai tura waƙa a bakin tasha da dije ɗaya ko biyu, ka kunna musu ba tare da ka faɗi wadda ka fi so ba. Ka sa yayarka ko ƙanwarka da ƙawayenta su ji, kai kana gefe ka yi shiru.

Yadda za ka yi tambayar ma abin lura ne. Idan ka ce "ya kuka ji?" amsar ita ce "Masha Allah". Tambaye su wace waƙa ce za su goge idan wayarsu ta cika. Tambaye su a wane wuri ne ba su gane abin da ka ce ba. Bayan kwana biyu ka koma ka ce su rera maka duk abin da suka tuna. Waƙar da aka iya tuna amshinta bayan ji ɗaya ita za ka fara saki, ko da ba ita ce ta fi ba ka wahala ba. Kuma duk wannan sauraron a ƙaramar waya za a yi shi, da ƙaramar lasifikar da ake ratayawa a babur. Manyan lasifikokin situdiyo suna ɓoye aibi. Idan kiɗan ya danne muryarka a waya, ka koma wurin furodusa ya sake daidaita sautin, domin rap ɗin da ba a jin kalmominsa aikin banza ne.

Yanzu ga abin da na fi damuwa da shi. Me ka ce a cikin waƙoƙin? Yawancin albam ɗin farko da nake ji daga yaranmu cike suke da motocin da ba su taɓa hawa ba, da maƙiyan da ba su da su, da kirarin cewa su ne sarakunan rap na Arewa. Kirari gadonmu ne, ba na hana ka waƙa ɗaya ta bugun ƙirji. Amma idan albam ɗin duka haka yake, me zai sa mutumin Kaduna ya bar DJ AB ya saurare ka, ko mutumin Bauci ya bar ClassiQ da B.O.C Madaki? Sun riga ka, kuma sun fi ka kayan aiki. Abin da kake da shi wanda ba su da shi shi ne ƙasar da ka tashi. Ka ga ambaliyar 2022 da idonka, lokacin da ruwa ya shafe gonaki da gidaje daga Auyo zuwa Kafin Hausa da Haɗeja har Kiri Kasamma da Guri, mutane suka koma kwana a makarantu. Ka san fargabar da ake shiga duk lokacin da aka ce ruwa ya taso daga madatsun Tiga da Challawa. Ka san yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta hana masunta da manoma sakat, da yadda yara ke wuni a gona suna korar jan-baki daga shinkafa. Ka san hayaniyar kasuwar kifi ta Haɗeja, da samarin Bulangu da ke tafiya cirani da rani, da ɗalibin da ke jiran a sayar da riɗi kafin ya biya kuɗin rajista. Babu wani mawaƙi a Legas ko Kano da zai iya rera wannan kamar kai. Ka kuma bar harshenka yadda yake. Kada ka goge lafazin Haɗejawa don ka yi kama da Bakano ko Bazazzagi, mai sauraro yana gane muryar aro tun daga baitin farko.

Wannan ya kawo mu ga iyaka. Idan za ka taɓa masu mulki, ka san tarihin waɗanda suka riga ka. Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, ya yi waƙar "Girgiza Kai" yana sukar yadda Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ke takura wa masu fasaha a zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, tasa tana ciki, tare da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala da "Oyoyo" ta Adam A. Zango. Da ya tashi fitar da albam ɗinsa This Is Me a 2010, ta intanet ya sake shi. Haramcin bai hana waƙoƙin yawo daga waya zuwa waya ba, amma mawaƙan sun sha wahalar da ba kowa zai iya ɗauka ba. Ban ce ka yi shiru a kan gaskiya ba. Cewa na yi ka faɗi abin da ka tabbatar, ka kama matsalar ka bar mutuncin mutum, ka yi amfani da habaici inda zambo zai jawo maka ƙara. Ashar da batsa kuwa ka cire su gaba ɗaya. Ba za a sa su a rediyo ba, kuma Kafin Hausa gari ne da kowa ya san gidan kowa. Kafin ranar saki, ka zauna da mahaifinka ko wani kawunka da yake jin maganarka, ka kunna masa waƙa biyu, ka gaya masa abin da kake shirin yi. Ya ji daga bakinka ya fi ya ji a bakin masallaci.

Maganar takarda gajeriya ce amma kada ka tsallake ta. Kiɗan da ka sauke kyauta daga YouTube ba naka ba ne, ranar da waƙar ta yi tashe mai shi zai sa a sauke ta. Ku rubuta yarjejeniya da furodusa da duk wanda ya sa murya: nawa aka biya, wa ke da kiɗan, yaya za a raba abin da ya shigo. Ku sa hannu a gaban shaidu biyu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare aikinka, amma rigima tsakanin abokai takarda ce ke kashe ta. Ka karɓi ainihin fayilolin muryarka daga situdiyo ka adana a wuri biyu.

Sai lokaci. Kada ka saki da azumi, ba mai sauraronka. Ka guji Agusta da Satumba, lokacin da hankalin kowa a yankinmu yana kan gona da bakin kogi. Ka duba kalandar jami'a, kada ya faɗa makon jarrabawa ko hutu, tunda ɗalibai ne za su fara ɗaukar maka shi zuwa garuruwansu. Bayan kaka, da amfanin gona ya shigo gida aka fara bukukuwa, ko kuma makon Sallah, nan ne kunnuwa ke buɗe. Tun 2015 kasuwar waƙa ta duniya ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da sababbin ayyuka. Ka bi wannan, amma sanarwarka ta jira a sauko daga masallaci.

Makonni uku ko huɗu kafin ranar, fitar da waƙar nan da aka fi tunawa, da ɗan gajeren bidiyo ko da waya aka ɗauka, a bakin kogi ko cikin kasuwa. Audiomack yana ba ka damar ɗora waƙa da kanka kyauta. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, da Apple Music sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, kuma idan kana son masu zaɓen waƙa na Spotify su duba taka, sai ka miƙa ta aƙalla kwana 7 kafin fitowarta. Kada ka sa rai da kuɗi daga can a farko. Tun 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba. Ka kai wa masu tura waƙa da hannunka, da sunanka da sunan kowace waƙa a rubuce daidai a jikin fayil ɗin, domin waƙa takan zagaye gari ba a san mai ita ba. Ka kai Sawaba FM a Haɗeja, da Rediyon Jigawa da Freedom a Dutse, ka aika wa Arewa24. Abin da zai shigo aljihunka a shekarar farko daga wasa ne a bukukuwa da tarukan ɗalibai.

Bayan ka saki, ka ba kanka mako biyu ba ka mayar wa kowa martani ba. Za ka ga maganganu iri-iri, kuma rarrabe su ba wuya. Wanda ya ce waƙa ta huɗu amshinta ya yi tsawo, ko ya ce salonka a ta shida na wane ne, ya saurara, kuma kyauta ya ba ka. Rubuta abin da ya ce a littafi. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka faɗi abu guda, to akwai shi. Wanda ya ce kai ba komai ba ne bai ba ka abin gyarawa ba, ka wuce shi. Wanda ya ce waƙa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce, ka amsa masa da ladabi idan babba ne, sauran amsar kuma halinka ne zai bayar. Idan wani mawaƙi ya yi maka waƙar zambo don ya ja ka faɗa, ka tuna cewa wata uku da za ka ɓata kana ramawa sun isa ka rubuta rabin albam na biyu.

Kada ka sayi masu saurare na bogi don lambobi su yi kyau. Manhajojin suna ganowa su sauke waƙar, kuma kai kanka ka rufe wa kanka hanyar sanin gaskiya. Lambobin gaske suna da amfani: YouTube yana nuna maka daidai daƙiƙar da mutane ke barin bidiyonka, Audiomack da Spotify suna nuna garuruwan da ake jin ka. Idan ka ga Nguru ko Gashuwa ko Damagaram sun fi Kano jin ka, can za ka nemi wasa. Kuma kada ka yanke wa albam ɗin hukunci da watan farko. Illmatic ya samu cikakken yabon mujallar The Source tun fitowarsa, amma sai a 2001, shekara bakwai bayan nan, aka tabbatar ya kai kwafi miliyan ɗaya a Amurka.

Mutumin da ya fi kowa yi maka suka mai hujja, ka nemi lambarsa ka kira shi ka yi godiya. Idan ka tashi tara masu sauraron albam na biyu, shi za ka fara gayyata.