Miyar Damina Tun Hunturu Ake Haɗa Ta

Yau shekara 19 ke nan da na riƙi girki sana'a a birnin Sakkwato, ina dafa abincin walima da na suna da na ɗaurin aure, wani lokaci kuma a kira ni in tsaya a kan tukwanen buɗa-baki idan azumi ya kama. Amma duk da yawan tukwanen da suka bi ta hannuna a tsawon wannan zamani, babu wadda ta zauna mini a zuciya kamar tukunyar miyar da na zubar da hannuna a watan Mayu na shekarar 2016. A shekarar ne wata tsutsa, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ta afka wa gonakin tumatur a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ta yi musu ƙarƙaf, har kwandon da ake neman kai da shi a watan Fabrairu ya zama sai wane da wane. Ga shi kuwa abin ya zo daidai da watan Sha'aban, lokacin da kowane gida ke gaggawar ɗaura aure kafin a ga watan Ramadan.

An ba ni aikin ciyar da mutum 300. Na lissafa kuɗin cefane na ga ba za su ɗauki ɗanyen tumatur ba, sai na sayi kauɗa, wato busasshen tumatur, rabin buhu, na jiƙa, na kai aka niƙa, na ɗora tun bayan sallar asuba. Da miya ta nuna, mai ya taso, ƙamshi ya cika gida, na ɗebo a ludayi na ɗanɗana, sai na ji yashi yana ƙaras-ƙaras a tsakanin haƙorana. Na tace, na sake tacewa da sabon rariya, amma yashin da ya riga ya bi ta bakin injin niƙa ya yi laushin da babu abin da zai tare shi. Uwar amarya ta leƙo madafi ta ce, "Hajiya, lafiya na ga kin yi tsaye?" Na miƙa mata ludayin ba tare da na ce uffan ba, ta ɗanɗana, ta yi salati. A ranar sai da na aika aka sayo kabewa da gyaɗa da busasshen sure da kuɗin aljihuna, muka yi taushe cikin gaggawa, Allah ya rufa mana asiri aka ci aka watse lafiya.

Da na je gaida mahaifiyata na ba ta labari, ina tsammanin za ta taya ni kuka da masu kauɗa, sai ta dube ni ta ce, "Ke da kika tashi a gidan da ake shanya, me ya kai ki sayen abin da aka baza a bakin titi?" Na ce, "Inna, zamani ne, kowa kasuwa yake zuwa." Ta ce to ai ga abin da kasuwar ta ba ni. Wannan magana ita ce asalin abin da nake so in yi wa 'yan'uwana mata nasiha a kansa, da kuma mazajen da cefane ke wuyansu.

Allah Maɗaukakin Sarki, cikin hikimarsa, ya raba wa ƙasar nan tamu arzikinta a kan lokuta, bai tara mana shi a wata ɗaya ba. Idan ruwa ya sauka a watan Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, sai ganye ya yawaita, zogale da rama da tafasa da lalo da sure, wanda Kanawa ke kira yakuwa, sai kuma guro, wato kuɓewa. Da kaka ta yi, hatsi ya shigo, yara su cika garwashi da tumu, wake da gyaɗa su biyo baya. Sa'an nan idan hunturu ya buso, ruwan gulbin Rima da na gulbin Sakkwato ya janye ya bar fadama, sai masu lambu su duƙufa, daga Kwalkwalawa nan bakin gari har Kware da Wurno da Goronyo da Gada, har ya zamana tsakanin Janairu da Maris motoci na shigowa da tumatur da tattasai da albasa da tafarnuwa fiye da abin da bakunan garin za su iya cinyewa. A wannan lokaci na sha ganin kwanduna sun kwana biyu a kasuwa ruwa na tsiyaya daga gindinsu, daga bisani a juye su a juji, alhali kuwa wata huɗu kacal ya rage matar gida ta tsaya gaban mai kayan miya tana juya ƙwaya uku a hannu tana tunanin yadda za su ishi mutum goma. Almubazzaranci da ƙunci sun zama maƙwabtan juna a cikin shekara guda, kuma abin da ke tsakaninsu bai wuce wuƙa da tabarma da rana ba, ranar da mu Sakkwatawa ba mu taɓa rasa ta ba.

Magabatanmu sun san wannan sarai. Duk wanda ya karanta ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san shawarar da ya bayar ta a bar hatsi a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari, kuma haka manomanmu ke zuba damman hatsi a rumbu har gobe. Haka masu albasa ke jera ta a rudu inda iska ke ratsawa, su daka lawashinta su shanya ya zama gabu. Ilimin tanadi yana nan a ƙauye. A cikin birni ne ya yi rauni, tun da muka saba da aiken yaro da safe, muka kuma dogara da firiji a garin da wutar lantarki ba ta da alkawari.

Ga yadda nake yi tun daga waccan shekara ta 2016, kuma ban sake sayen kauɗa ba. Idan tumatur ya faɗi, nakan zaɓi mai tsoka wanda ya nuna bai yi laushi ba, domin ruɓaɓɓe ba ya gyaruwa da shanya, sai dai ya ɓata na kusa da shi. A wanke shi, a bar shi ya tsane, a yanka gida biyu ko huɗu da wuƙa mai tsabta, a barbaɗa gishiri kaɗan, a jera shi bayansa na ƙasa cikinsa na kallon rana. Kuma, wannan shi ne jigon al'amarin, kada a shimfiɗa shi a ƙasa, a ɗora tabarmar a kan gado ko benci ko rufin ɗaki, a lulluɓe da wankakken yadi shara-shara, saboda iskar hunturu da ke busar da shi cikin hanzari ita ce dai take ɗauke da ƙura, ga ƙuda, ga kaji, ga awaki. Da la'asar sakaliya a kwashe a shigar ɗaki, da hantsi a fitar. Alamar ya bushe ita ce a matsa shi da yatsa ba a ji danshi ba, launinsa ja mai duhu. Wanda ya koma baƙi ƙirin, ko ya yi fari-fari a jiki, ya sha danshi, a fitar da shi. Sai a zuba a mazubi mai murfi wanda iska ba ta shiga, a ajiye nesa da bango da ƙasa. Haka nake yi wa tattasai da tarugu da tonka. A watan Yuli, sa'ad da ake kuka da tsadar kayan miya, nakan ɗebi tafi biyu in jiƙa da ruwan ɗumi, in haɗa da albasa ɗanya in niƙa, kuma har yau ban samu baƙon da ya rarrabe ba.

Ganye kuwa hukuncinsa daban. Shi a inuwa ake shanya shi, inda iska ke wucewa, domin rana tsaka tana cinye korensa tare da amfaninsa. Kuma lokacinsa ƙarshen damina ne, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ruwa ya ɗauke amma ganye bai tsufa ba. Kukar da ta fito jawur kamar ƙasa ta sha rana ko ta tsufa; ta ƙwarai koriya ce shar.

Sai dai akwai abin da ya fi yashi muni, domin yashi haƙori yana jin sa ya yi gargaɗi, wannan kuwa shiru yake shiga jiki. Wata rana na buɗe buhun waken da na saya don ƙosai da alala na buɗa-baki, sai wani wari ya daki hancina, irin wanda ake ji a ɗakin da aka fesa wa fiya-fiya, kuma na tona har tsakiyar buhun ban ga ƙwaro ko guda ba, alhali wake ya yi watanni da girbi. Na mayar da shi. Wasu masu ajiya, don tsoron asara, sukan yayyafa wa wake maganin ƙwari mai sinadarin dichlorvos, wanda ba a yi shi don cikin ɗan Adam ba. Saboda yawansa a jikin wakenmu ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a shekarar 2015, hukumar NAFDAC kuma ta sha yin gargaɗi a kansa. Abin da Turawa suka ƙi karɓa don kare mutanensu, shi muke jiƙawa mu ba mai azumi da ƙaramin yaro. Wallahi wannan yana ci mini rai, domin algus ne, kuma malamai sun gama bayani a kan hukuncin mai algus a ciniki. Alhali ga hanya halattacciya mai sauƙi: ƙwaron wake numfashi yake yi kamar kowace halitta, idan aka hana shi iska sai ya mutu. A shanya wake ya bushe ƙayau, a cika wankakkiyar jarka busasshiya har baki a toshe. Ko a nemi buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007, a ɗaure kowane ruɓi dabam. Kakanninmu ma da toka da yashi mai laushi suke cike tsakanin ƙwayoyin a cikin tulu, hikimar dai guda ce. Idan kuwa a kasuwa za ki saya, ki sa hancinki kafin ki sa kuɗinki.

Gyaɗa ma tana da nata sharrin idan aka ajiye ta da danshi. Funfunar da ke kama ta, ita da masara, tana haifar da wata guba mai suna afalatoksin, wadda wuta ba ta kashe ta, suya ko dahuwa, tana taruwa ta lalata hanta sannu a hankali, tana kuma tauye girman yara. A ƙasar Kenya, a shekarar 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu da ita. Don haka idan zan yi kunun gyaɗa ko taushe nakan zauna da faifai in tsince duk ƙwayar da ta yamushe, ko ta sauya launi, ko ta fashe, in zubar. Ba na ba kaji, ba na kuma yarda a kai wa mai ƙuli-ƙuli da sunan ai za ta shiga mai.

Bukukuwanmu su ma lokaci suke bi, mai girki kuwa dole ta riƙa duban kalanda biyu. Watan Musulunci, wanda daga fadar Sarkin Musulmi a nan garin ake sanar da ganinsa, yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, har ya zagaye damina da rani cikin shekara 33. Saboda haka naman layyar da aka yi wa tareni a cikin hunturu ya kwana lafiya, ba lalle ne ya yi haka ba a Sallar da ta faɗo bakin damina, kamar ta ranar 6 ga Yuni, 2025. A irin wannan lokaci a soya nama har ruwansa ya ƙone sarai, a bar shi ya huce kafin a rufe, a riƙa ɗiba da busasshen cokali, kada a sa hannu. Ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, a kan haƙuri da lokaci aka gina shi, domin akan kange gulbin Matan Fada a hana su a cikinsa sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da mutum guda ba ya iya ɗauka.

A gidana yanzu shanya ta zama hidimar iyali. Maigida shi ke zuwa kasuwa da sassafe ya sayo kwanduna daga hannun masu lambu, 'yan mata biyu na yanka, autana shi ne mai korar kaji, Inna kuma, da yake ƙafa ta yi nauyi, tana zaune a kan tabarma tana duba aikin kowa, ta ɗaga yanki guda ta ce wannan ya yi kauri, a sake. Babbar 'yata, wadda aka kai ɗakinta bara, a cikin kayan garar da muka haɗa mata har da kauɗa da gabu da busasshen guro na hannunta.

Ina roƙon masu shanya don sayarwa, su dubi girman Allah su ɗaga kayansu daga bakin kwalta, inda hayaƙin mota da ƙura da dabbobi ke bi ta kansu. Masu ajiyar wake kuma su bar zuba guba a abin da Musulmi zai buɗe baki da shi. Ku kuma mazaje, idan Janairu ya kama kuka ga kwando ya yi arha, ku sayo biyu maimakon mudu, ku haɗa da sabuwar tabarma da yadi kamu huɗu. Ke kuma 'yar'uwa, ki fara da kwando guda a bana, ki ware masa kwana bakwai na rana.