Amsoshin Tambayoyinku: Ina Labarin New York Arrows?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana neman tarihin ƙungiyar New York Arrows. To Malam, ga amsa.

An kafa Arrows a 1978 a Amurka, shekarar da aka fara gasar MISL ta ƙwallon ƙafar cikin zaure. 'Yan wasa shida-shida ne, a fili mai katanga kewaye, ƙwallo ta bugi bango ta dawo, wasa bai tsaya ba. Gidansu shi ne Nassau Coliseum.

Kofuna huɗu na farko a jere, daga 1979 zuwa 1982, duk Arrows ce ta kwashe, ƙarƙashin koci Don Popovic. Gwarzonsu kuwa Steve Zungul ne, ɗan Yugoslabiya da ya baro Hajduk Split. Hukumar ƙwallon ƙasarsa ta sa aka hana shi wasan fili, sai ya huce a zaure: ƙwallaye 108 ya zura a kakar 1980 zuwa 1981. Abin jinjina ne ƙwarai.

Sai dai kofi bai cika aljihu ba. Rashin kuɗi ya sa aka rabu da Zungul a 1983, ƙungiyar ta durƙushe a 1984. Gasar MISL ita ma ta rufe a 1992.