Sujadar Godiya A Filin Wasa: Darasi Daga Rayuwar Husaini Abdullahi

Wani ɗalibi daga Kabo ya tambaye ni hukuncin sujadar da samari ke yi in sun jefa ƙwallo a raga, abin da muke gani yanzu har a filayen Gwarzo. Kafin in ba da amsa, bari in kawo labarin wani wanda aka taɓa hukunta a kan wannan sujada.

Husaini Abdullahi baƙar fata ne Musulmi, an haife shi a Los Anjalas ta ƙasar Amurka a 1985. Ƙwallonsu ba irin tamu ba ce. Siffar ƙwai gare ta, da hannu ake ɗaukarta, ana karo da juna kamar raguna. Aikinsa tsaron baya, watau shi ne shingen ƙarshe. Ko dai ya kā da mai gudu da ƙwallo, ko ya cafe ta a sama kafin ta isa hannun wanda aka jefa wa. Ƙungiyar Minnesota Vikings ta ɗauke shi a 2008. Da Ramadan ya faɗo cikin watan Agusta, lokacin horo mai tsanani, bai sha azumi ba. Manomin da ya taɓa yin noma da ƙishirwar azumi ya san nauyin wannan.

A 2012, yana tsakiyar ƙarfinsa, ya ajiye wasa shekara guda, shi da wansa Hamza, suka tafi aikin Hajji tare da iyayensu. Wannan sana'a kuwa ba ta jiran kowa. Hamza bai sake samun gurbi ba har ya bari. Husaini ya samu, a ƙungiyar Kansas City Chiefs, a 2013.

Ranar 29 ga Satumba, 2014, ya cafe ƙwallon da shahararren ɗan wasa Tom Brady ya jefa, ya ruga yadi 39 ya ci, sannan ya zube ya kai goshinsa ƙasa. Alƙalin wasa ya ci ƙungiyarsa tarar yadi 15. Washegari hukumar wasan ta ce kuskure aka yi, ba a hukunta mai nuna ibada.

To, ga hukunci. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad suna ganin sujadar godiya mustahabbi ce in wata ni'ima ta sabunta ko wata masifa ta kau. Hujjarsu hadisin Abu Bakrata da ke cikin Abu Dawuda da Tirmizi, da kuma sujadar Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, ranar da aka yi masa bushara da karɓar tubarsa. Amma mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya shi ne karhanci, domin Imamu Malik bai iske mutanen Madina suna aiki da ita ba. Saboda haka wanda ya yi yana da magabata, wanda ya bari ma haka, babu dalilin zagin juna.

Sai dai mafi yawan waɗanda suka yarda da ita sun sharɗanta alwala da fuskantar alƙibla da suturce al'aura, kodayake Ibnu Taimiyya bai sharɗanta alwala ba. Yaronmu kuwa ga gajeren wando, bai san inda gabas take ba, wataƙila ma La'asar ta wuce shi yana fili. Ni a ganina nan gizo ke saƙa. Sujadar Husaini ta yi kwarjini ne don azumi da Hajji sun riga ta. Wanda ya bar farilla ya riƙe abin da ake saɓani a kansa a gaban 'yan kallo, ya binciki niyyarsa.

A watan Maris na 2016 Husaini ya bar wasa yana da shekara 30, bayan ya bugu a ka har sau 5, yana tsoron kada ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Wallahu a'alamu.